Ƙafata Ce Ta Fara Shiga Gidan Surukaina Ranar Tet

Goggo Tham, don girman iyayenki ki taimake ni, na gaji. Wata bakwai ke nan ban taka gidan surukaina ba, alhali tsakaninmu tafiyar minti biyar ce a babur, kuma ba wanda ya hana ni.

Ranar Tet, sabuwar shekararmu, abin ya faru. Kin san dai ba a barin kowa ya fara shiga gida da safiyar sabuwar shekara sai wanda aka zaɓa, tunda ƙafarsa ce ke buɗe sa'ar gidan. Surukata ta zaɓi Kawu Vinh. Ni kuwa na iso da ƙunshin shinkafar da na dafa musu, na ga takalmin namiji sabo fil a bakin ƙofa, na ɗauka Kawu ya riga ya shiga. Ashe na ƙanin mijina ne da ke zaune a gidan, Kawu yana can hanya babur ya ƙi tashi. Na shige da fara'ata, ga shi ko makokin mahaifina ban fita ba, mai makoki kuwa ba a son ya buɗe gida. Surukata sai ta ƙara kunna turare a gaban hotunan kakanni.

A wata na biyu agwagin gidan suka mutu. A na uku surukina ya zame a bakin rijiya ya karya ƙugu. Da na je dubiya, surukata ta dubi ƙafafuna ta ce, "To, bana dai mun gani." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma tun ranar ban sake samun kaina ba. Duk ƙofar da zan shiga sai na hango abin da zai biyo baya, gobara ce, ciwo ne, har kukan mutanen nake ji. Taliya da romo nake sayarwa a kasuwa shekara goma sha biyu, ban taɓa ɓarar da kwano a jikin kowa ba, bana sau uku na yi. Mijina har ya gaji, ya ce, "Ke dai kin zama bokanya, kullum kina duba masifa a cikin tukunyar romo."

Ga abin da ya sa na rubuto. Diep, ƙanwar mijina, aminiyata ce tun kafin aurena. Shekara bakwai tana neman haihuwa, yanzu ta samu ciki, saura mata kwana goma ta haihu. Ta aiko min cewa, "Yaya, ke nake so ki riƙe min hannu. In kika ƙi zuwa, kada ki ƙara kirana ƙanwarki." Ina son zuwa, amma da na rufe ido sai in ga na shiga ɗakin, jaririn ya fito bai yi kuka ba. In je, ko in haƙura da ita?

Mai Nauyin Ƙafa, Nam Dinh

'Yata,

Ki je. Amma tsaya ki ji dalili, don na san ba za ki motsa da umarni kawai ba.

Surukarki ba ta kyauta ba. Mace mai makokin uba ba a jefa mata irin wannan magana. Sai dai ki yi mata uzuri, mijinta na kwance da karaya, tsoro ne ya yi magana da bakinta. Magana guda ta yi, ke kuma kika ɗauka kika yi ta gini a kai wata bakwai. Ni ba zan ce miki al'adar banza ce ba, a gidana ma muna zaɓen mai fara shiga. Amma bakin rijiya santsi ne da shi, agwagi kuwa ciwo na kashe su ko a gidan da Kawu Vinh ya buɗe da ƙafarsa. Kwanonin da kika ɓarar, ba ƙafarki ta ɓarar da su ba, hoton da kike kallo a kanki ne ya ɗauke miki hankali. Asara guda ce na tabbata ke kika jawo wa gidan nan: an rasa ki.

Gobe ki dafa romo ki kai wa surukinki, ki zauna ko rabin awa ne. Ki gaya wa Diep gaskiyar abin da ya hana ki zuwa, don ita tana ganin wulaƙanci ne. In wannan hange-hangen ya ƙi tsayawa, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Tunda kuma kin iya hange, ki ƙirga watanni da kyau. Diep ta jira shekara bakwai, sai bayan kin taka gidan nan ranar Tet da wata guda ta samu ciki. In kin nace ƙafarki ce ta buɗe shekarar, to ki karɓi shekarar duka, har da yaron.

Ina yi wa Diep fatan sauka lafiya, hannunta cikin naki.

Goggo Tham