Iya ta taka rawa, Yaya ya daina gaisawa da ni

Tanti Hafsatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin farin ciki ne ya same mu, amma ya zo da rigima, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni malamar lakwal ce, wato makaranta, a nan Damagaram, ina koyar da ilimin jikin ɗan Adam. Mahaifiyarmu, muna ce mata Iya, shekarunta sittin da takwas, kuma shekara huɗu ke nan tana fama da ciwon karkarwa da likitoci ke kira Parkinson. Rawar hannun ba ta dame ta kamar ƙafa ba. Sai ta zo bakin ƙofa ƙafafun su kafe, tana son wucewa ta kasa. Matar da ke zuwa kasuwa da ƙafa ta koma daga ɗaki sai tabarma, har suna da biki ta daina zuwa don kunya.

Bara aka yi auren 'yar ƙanwarta a unguwar Zango, muka lallashe ta muka kai ta. Ana fara kiɗan ganga sai na ga ta miƙe, ta ratsa tsakar gida tana takawa daidai da kiɗa, har da juya kafaɗa irin ta Barebari da ta koya wurin kakarta. Kiɗan na tsayawa ƙafar ta sake kafewa. Tanti, shekara goma sha biyu ina zana ƙwaƙwalwa da alli a kan allo, ban taɓa ganin aikinta da idona ba sai ranar.

Na gaya wa Malam Tahiru, likitan motsa jiki da ke duba ta. Ya ce sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da taku ba tare da mutum ya yi tunani ba shi ne ya raunana, amma kiɗa yana shiga ta kunne ya ba ƙafa lokacin ɗagawa ta wata hanyar. Daga nan muka fara. Kullum bayan la'asar maƙwabciyarmu Ramatu tana buga ƙwarya, Iya tana takawa. Yanzu mata biyar ke zuwa, biyu ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya taɓa su.

Watan jiya Malam Tahiru ya kai mu gaban ɗalibai masu koyon aikin jinya. Iya ta fara tafiya babu kiɗa, ta kafe. Aka buga ƙwarya, ta taka. Aka rage sauri ta rage, aka ƙara ta ƙara, ina gefe ina bayani. Sai Ramatu ta tsayar da kiɗan a tsakiyar fili. Iya ta tsaya, na ga leɓenta na motsi, ashe kiɗan take yi a ranta. Ta ƙarasa har bango ita kaɗai. Ɗalibai suka miƙe tsaye, ni kuwa kuka ya hana ni ƙarasa bayanin.

To wani ya ɗauki bidiyo, ya yaɗu a wayoyi. Yayana Modu a shagonsa aka nuna masa. Ya ce na mai da uwarmu abin kallo, Hajiya guda tana rawa gaban yara ana ganin hannunta na karkarwa. Sati uku ke nan ko gaisuwata ba ya amsawa. Ga shi an gayyace mu ƙaramin asibitin Gouna mu nuna wa matan ƙauye, Iya har ta ware zanen da za ta ɗaura. Ni dai ban ga laifin da na yi ba, amma ba na son in rasa ɗan'uwana. In je ko in fasa?

'Yar Barebarin Zango

AMSA

'Yata, kafin komai ina taya ku murna. Matar da ta kasa ƙetare ƙofar ɗakinta ta ratsa fili da ƙafarta gaban jama'a, kuma ke kika lura da abin da mutane da yawa suka gani suka wuce. Wannan nasara ce, kada rigimar ta rage miki daɗinta.

Sai dai yayanki ba mugunta ta sa shi fushi ba. Ke kin ga wata da watannin da Iya ta yi tana samun ƙarfi. Shi minti ɗaya ya gani a wayar wani, a gaban abokan kasuwarsa. Kuma akwai inda kika yi sake: ke kika kai ta, ke ya kamata ki hana ɗaukar hoto, ko ki nemi izininta tun farko. Ki je shagonsa ki ba shi haƙuri a kan wannan kaɗai. Kada ki ba da haƙuri a kan rawar.

Sannan ku biyun kun manta da mai abin. Iya ƙafarta ce ke da ciwo, hankalinta lafiya lau. Ki roƙe ta ta kira ɗanta da kanta, ya zo bayan la'asar ya zauna ya gani. Ya riƙe hannunta babu kiɗa, sannan ya sake riƙewa da kiɗa. Abin da hannunsa zai ji ya fi duk bayanin da za ki yi masa.

Gouna kuwa ku je, in dai Iya na so. A ajiye wayoyi a ƙofa, mata su zauna gaba, Malam Tahiru ya kasance kusa saboda faɗuwa. Ki gaya wa matan gaskiya: kiɗa yana taimaka wa taku, ba ya warkar da ciwon, kada kowa ta bar maganinta. In Modu ya yarda ya kai ku da motarsa, madalla. In bai sauko ba tukuna, ki ci gaba da gaishe shi kullum, ya amsa ko bai amsa ba.

Ki gaishe mini da Iya da Ramatu da sauran matan. Allah ya ƙara musu ƙarfin ƙafa, ya daidaita tsakaninki da yayanki, ya kai ku Gouna lafiya.

Tanti Hafsatu