Alhamis ɗin Gwaggo Hiltje

Lahadi, 1 ga Oktoba

Yau ni ke da kai furannin sujada. Duk Lahadi, in an tashi, sai a kwashe furen da ke gaban majami'a a kai wa wani tsoho ko marar lafiya, da katin da kowa ya sa wa hannu. Na wannan mako na Gwaggo Hiltje ne. Ba jini ya haɗa mu ba, ita ce malamarmu ta makarantar Lahadi, rabin ƙauyen nan haka muke kiranta. Shekara tamanin da bakwai, ido ya kusa tafiya.

Niyyata in miƙa mata daga bakin ƙofa in hau kekena, don iyayen mijina Sjoerd za su zo shan kofi ƙarfe sha biyu. Sai ta kama hannun rigata. "Marrit, 'yar nan, har yanzu kina wannan gudun kamar an sako miki kare? Shigo mana." Na ce ba dai yau ba. Ta ce haruffa sun zame mata tururuwa, ba ta iya karanta Maganar Allah, tana so in zo in karanta mata. Akwai kuma maganar da take son faɗa mini, ni kaɗai.

A nan tsaye na ji an ce mini a zuci, shiga yanzu. Sarai na ji. Sai na zaro waya na buɗe kalanda, yadda kowa ke yi. Alhamis 19, uku da rabi zuwa huɗu da kwata. Ta kwashe da dariya. "Kusan sati uku? Ko likitan haƙori bai kai ki tsada ba."

Talata, 3 ga Oktoba

Taron dattawan ikkilisiya, awa biyu da rabi, a kan launin fentin ɗakin shan kofi. Ni ce sakatariya, ni ke rubuta wannan shirme. Wai hidimar Ubangiji ke nan.

Laraba, 11 ga Oktoba

Na fara addu'ar safe, ban kai rabi ba na tsinci kaina ina tunanin ko dankali ya ƙare.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Ban je ba. Abokiyar aikina a kantin magani ta kwanta mura, ga 'yata Femke da darasin iyo ƙarfe huɗu. Na kira Gwaggo na ɗaga zuwa 9 ga Nuwamba, ita ce Alhamis ta farko da babu komai a kanta. Ta ce, "Ba komai, 'yar nan, ina zan je?" Ta kuma ce ta sa an sayo kek na shan kofi, amma za ta ba maƙwabta.

Muna cin abinci Sjoerd ya ce, "Minti bakwai ne fa a keke. Ki je kawai ranar Asabar." Na ce haka kawai, ba sanarwa? In faɗa wa tsohuwa gida kamar ruwan sama? Ya ce, "Ita ta ce miki tana da taro?" Na ce wanda ko kwandon baiko ba ya zagayawa da shi kada ya koya mini hidima. Ya ci gaba da cin dankalinsa. Haushinsa na ji, don ya fi ni gaskiya.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na wuce ta layinsu da kaya a keke. Tana zaune bakin taga. Na ɗaga hannu, sai daga baya na tuna ba za ta gan ni ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Kafin addu'ar roƙo Fasto ya sanar. Gwaggo Hiltje ta faɗi ranar Juma'a, ɓarin jikinta na dama ya shanye, tana asibiti a birnin Leeuwarden. Baki ya tafi.

Aka tashi waƙa, na kasa buɗe nawa. Wata ta raɗa mini wa zai kai furen asibiti, na ce a duba jadawali, ba makona ba ne. Allah, ni na faɗi haka.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Uku da kwata kalandar waya ta yi ƙara, tana tuna mini. Gwaggo Hiltje, karatu.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Baukje, maƙwabciyarta, ta tare ni wajen ajiye kekuna. Ba da mugunta ba, ita haka bakinta yake. "Ranar nan da kika ɗaga, tun tara na safe ta jera kofuna biyu. Ni ta sa na buɗe mata shafin da take so, na sa zare." Na tambaye ta ko ta san maganar da Gwaggo ke son faɗa mini. Ta ce ta yi ta tambaya, ita kuwa ta ce, "Ta Marrit ce."

Maganar ta wuce ke nan. Ko nasiha ce, ko wani abu game da mahaifiyata da suka yi ƙuruciya tare, ko roƙo, ba zan taɓa sani ba. Shekara da shekaru ina ce wa Ubangiji ya nuna mini abin da yake so in yi. Ina jiran wani babban aiki. Ashe kujera ce a ɗakin tsohuwa, ni kuma na ba shi minti arba'in da biyar bayan sati uku, su ma na hana. Kunya nake ji, har addu'a ta yi mini nauyi.

Talata, 21 ga Nuwamba

Ƙarfe biyu akwai taron shirya kasuwar Kirsimeti. Na fito da takardu a jaka, na shiga mota, sai na gan ni a hanyar garin Dokkum, inda aka mayar da Gwaggo gidan kula da tsofaffi. Ban kira kowa ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Kina cikin masu zuwa yau?" Na ce a'a. Ta dube ni, ta nuna mini ɗaki.

Ta rame. Na ce, "Gwaggo, Marrit ce, na makara." Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa, sau uku, har hawaye ya zubo mata. Na ce ta bari. Na karanta mata, ban san shafi nawa ba. Hannunta na hagu ya kama yatsuna biyu, bai saki ba har ta yi barci. Na zauna a haka, ruwa na dukan taga.

Saƙo tara na tarar a waya. Sun raba rumfunan ba tare da ni ba, ba abin da ya rushe.

Ba wai na canza ba ne. Gobe dai ina da hutun rabin yini, na ce wa Sjoerd mota zan kai wanki. Ya ce, "Ki gaishe da Gwaggo."