Makaɗana na Ingila

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Kaset ɗin ya lalace, ko kuwa rediyon ne. Ganga tana nan, gitar nan mai kauri tana nan, amma siririyar da ke tashi sama kamar kukan shirwa ta ɓace. Shekara talatin da ɗaya ina sa shi kowace safiya kafin in kunna injin sudur, na waldar ƙarfe. Na goge kan rediyon da auduga. Banza.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na sayo sabon rediyo ga kasuwa. Shi ma haka. Kayan yanzu duk ƙarya ne.

Hamisu, wanda shekara goma sha huɗu ke nan muna aiki tare ga shagona, ya ce: "Maigida, ni fa ina jin ta sarai." Na ce shi kula da aikinshi.

Asabar, 12 ga Oktoba
Bari in rubuta yadda na samu kaset ɗin nan, tunda ya kama hanyar mutuwa.

Na bar kolej ga aji uku, babu wanda ya tsaya mini. Na tafi Keita lokacin babban aikin tare ruwa, ina wanke ƙarafan motoci. Akwai wani Nasara makanike mai jan gemu, kullum wannan kiɗa ke tashi cikin motarshi kamar aradu. Na tambaye shi mi ne ne wanga. Ya ce mini da faransanci, sunan kiɗan "ƙarfe mai nauyi", mutane huɗu ne daga Ingila, garinsu garin ƙira ne. Ga bayan kaset ɗin kuma hoton uwar maƙera da guduma. Nan take na gane: kiɗan maƙera ne na ƙasarsu. Ranar da zai tafi ya miƙo mini shi.

Sunansu a rubuce Cinder Yard. Ni tun farko Sandar Yari nike ce musu, haka kuma duk garinmu Buza ta ɗauka.

Da na buɗe shago, na je wurin Mato, mai yi wa maƙeran garinmu kiɗan dundufa, na ce shi yi mini take. Dariya ya yi gaban mutane. "Ubanka manomi ne, Illa. Ƙarfe da wutar kuran ai ba ƙira ba ce, liƙi ne." To, na dawo na sa nawa makaɗan. Ba su tambaye ni wane ne ubana ba. Da waƙa ta uku ta kaset ɗin na haɗa amalankena na farko, na gina gida, na kai uwata Makka.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Huɗuba yau kamar daga cikin rijiya. Lasifikar masallacin ma tana son gyara.

Litinin, 21 ga Oktoba
Malam Abdulhamid na Deule ya karɓi amalankenshi, na kwasar damman gero. Kamar kullum na ƙwanƙwasa gatarin ƙafafun da ƙaramar guduma kafin in sallame shi. Wannan ne sirrina: liƙi mai kyau shina amsawa da amo mai tsawo, mai rami a ciki kuwa shina cewa "kwaf" kamar fasasshiyar ƙwarya. Da wannan kunne na fi duk masu sudur daga nan har Madawa.

Na ƙwanƙwasa. Na ce lafiya lau. Hamisu ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe.

Gaskiya ban san abin da na ji ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Ɗiyata Mardiya ta zo daga Tawa inda take karatun turanci. Na ba ta bayan kaset ɗin na ce ta nemo mini su cikin waya, tunda nawa ya mutu. Ta daɗe tana nema. Ta same su.

Na zaci zan ga manyan mutane da jirage. Ta ce: "Baba, ɗari huɗu da 'yan kai ne sunka saurari wannan waƙar cikin shekara tara." Ɗari huɗu! Ranar kasuwar Buza waɗanda ke wucewa gaban shagona sun fi haka. Faifai biyu kawai sunka yi, sunka watse. Mai gangar ya koma tuƙin bas. Mai waƙar ya rasu tun da daɗewa. Wani ya rubuta a ƙasa wai manyan mawaƙa da dama daga wurinsu sunka sato salo, ba wanda ya ambace su.

Raina ya ɓaci kamar an zagi dangina. Ba su san cewa Sufyanu mai gitar biki na Garhanga ya zauna ƙofar shagona wata biyu shina kwaikwayon tafiyar gitarsu ba, har yau in ya kaɗa ta mata ke cewa kiɗan Illa na. Ba su san masu kabu-kabu na kiran duk abin da ya yi ƙarfi Sandar Yari ba. Sun watse suna zaton ba a ji su ba.

Ta sa mini waƙar, ta sa mini abin kunne. Siririyar gitar ba ta nan. Na ce wayarta ce. Ta karɓa ta saurara, ta dube ni, ta naɗe abin kunnen. Da ma ta yi gardama.

Litinin, 28 ga Oktoba
Na sa Mardiya ta fassara mini waƙa ta uku, takena. Ta yi ta kewaye-kewaye. Na ce faɗi.

Ashe ba kirari ba ne. Wai labarin wani tsoho ne da anka rufe masana'antar da ya yi shekara arba'in a ciki, kullum da safe shina zuwa shi tsaya bakin ƙofa da abincinshi a hannu, don kada maƙwabta su gane. Kuma su ba maƙera ba ne, kuma "ƙarfe mai nauyi" suna ne kawai, kamar yadda ake cewa kalangu.

Shekara talatin ina bugun ƙirji da kukan wani.

Na ce mata turancinta bai nuna ba. Ta ce: "To, Baba."

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Ban sa kiɗa ba. Matata Cima ta ce gidan ya yi daɗi, sai da ta maimaita sau biyu. Ta ce: "Maigida, tun bara nike magana da bayanka kamar da bango." Na ce muryarta ce ta tsufa.

Talata, 5 ga Nuwamba
Gatarin amalanken Malam Abdulhamid ya karye kan gangaren dutse, da dame ashirin a kai. Jakin ya karye ƙafa, sai barinshi anka yi. Allah ya tsare, shi Malam ya diro.

Ya zo da ƙarfen a kafaɗa ya aje gabana. Ga ramin nan cikin liƙin, yatsa na shiga. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini. Ya ce: "Alhaji, na wuce masu sudur uku na zo wurinka saboda gudumar nan taka." Mutane sun taru. Na ce ƙarfen China ne. Hamisu shina duƙe shina share ƙasar da ba ta da datti.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Mutum biyu sun zo sun kwashe aikinsu. Ɗaya cikinsu ni na yi wa ubanshi ƙofa.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na tafi Madawa sayen sandunan sudur. Tunda na je, na biya wurin likita, ba don komi ba. Ya sa mini wani abu ga kai, ya ce in ɗaga hannu in na ji ƙara. Na zauna ina jira shi fara. Ashe ya daɗe da farawa.

Ya ce sautuka masu siriri sun tafi, ba su dawowa. Injin, guduma, da kiɗa mai ƙarfi. Abin da ya rage a tattala shi. Yaro ne ƙarami, na girmi ubanshi.

Cikin mota na yi ta ƙoƙarin tuna yadda gitar nan ke tashi. Ina da ita a kai, daidai, ba abin da ya ɓace. Amma na soma shakka ko haka take da gaske.

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Wannan tsohon na cikin waƙar, na bakin ƙofa, ya hana ni sakat. Wawa. Ai kowa ya riga ya sani.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Na haɗa wa Malam Abdulhamid sabon gatari da hannuna. Shina tsaye, da wasu mutum huɗu da sunka zo kallo kawai, na san su.

Na ɗauki ƙaramar guduma. Kafaɗata tana mini ciwo kwanan nan, don haka na miƙa wa Hamisu na ce buga. Ya dube ni kamar na ba shi garwashi. Ya buga nan, ya buga can, ya tsaya ga gefen hagu ya sake bugawa. Ya matso kusa da fuskata yadda zan ga bakinshi, ya ce: "Maigida, nan bai amsa ba."

Kowa ya yi tsit, ina ji.

Na ɗauki injin yanka na buɗe wurin. Akwai rami, ƙarami, kamar ƙwayar gero. Na sake liƙewa. Hamisu ya buga, ya gyaɗa kai. Malam ya ɗaura jakin da ya aro ya tafi.

Gudumar tana wurin Hamisu, ban karɓa ba. Sai kafaɗar ta warke.