Na karɓi aikin da aka kira taubashina

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa, don ni ma na jefi kaina har na gaji.

Direba ne ni, na ba arba'in baya. Kotonu, Lome, Agadas, duk na ci tuwonsu, amma sai da na shekara biyu ina zaune Cadawa ba mota. Sai na koma bin shafukan neman aiki a waya. Manyan kamfanoni ba su kallon mai furfura, don haka ƙanana nike bi, masu man gyaɗa, masu ruwan leda. Ka sayi mega na intanet, ka tura dosiye, wato takardun neman aiki, shiru. Ka sake turawa, shiru, har ido ya fara yaji.

Ina da taubashi, bari in kira shi Ila, ɗan gwaggona ne. Shi ma direba, ya fi ni hannu, wannan ba gardama. Bai yi lakol ba, wato boko, wayarshi kuma 'yar ƙarama ce, sai ya kawo mani permi, lasin tuƙi ke nan, da takardunshi ya ce duk inda na tura nawa in tura nashi. Da yake kullum wayar tashi ba caji, lambata na sa a dosiyenshi. Ran nan wani ƙaramin kamfanin man gyaɗa na wajen Gidan Rumji ya kira, sakatariya ta ce Ila take nema. Me ya shiga kaina? Wallahi har yau ban sani ba. Na ji bakina na cewa Ila ya tafi Libiya, amma ga ni, ni ma ina da permi. Ta ce in zo. Wata ukku ke nan ina jan motarsu.

Shi ya fara zuwa yi mani barka, har da goro. Duk ranar kasuwar Agiye in mun haɗu sai ya ce, "To, nawa fa, ba su kira ba?" Sau biyu ina faɗa mashi gaskiya. Na ce, "Bawana, an kira ka, ni na cinye aikin." Ya yi dariya har da dafa ni, ya ce ai ɗan kawu dama ɓarawo ne tun kaka da kakanni. Tun muna yara haka muke zolayar juna, yanzu ta yaya zai gane ba wasa nike ba? Sai na taya shi dariyar.

Ga inda ta ƙare mani. Patoro, wato mai kamfanin, ya sayi mota ta biyu, ya ce in kawo direba amintacce ran Litinin. Ila ya ji labari, har ya kai rigarshi guga. In na kai shi, sakatariyar nan ba ta mantuwa, dosiyenshi na cikin buro, ofishinta, da hotonshi, gabanshi za ta tambaye shi yaushe ya dawo daga Libiya. Patoro kuwa ba ya zama da maƙaryaci. In na kai wani, na zalunce shi sau biyu, ga iyali takwas a wuyanshi, gero kuma bai yi mashi kyau bana ba.

Jiya na je gidanshi da niyyar in zauna in faɗa ba dariya. Ina sallama ya ce wa matarshi ta shimfiɗa tabarma, ga wanda zai fidda su kunya ya zo. Na sha fura, na yi godiya, na taso.

Litinin jibi ce. Jama'a, me zan yi?