Zakaran Pakcik ya zubar min da mutunci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin gobe da la'asar, domin zuciyata tana raya min abin da ban saba yi ba.

Ni lakcara ne a gida, ina karatun digiri na uku a nan KL, babban birnin ƙasar 'yan Malay, ina zaune a unguwar Cheras da iyalina. Da karatu ya so ya haukata ni, sai wani abokina, mu kira shi Sagir, ya shigar da ni ƙungiyarsu ta masu kamun kifi. Su ba sa sa tana a ƙugiya, gashin wuyan zakara suke naɗawa da zare har ya yi kama da ƙwaro, a jefa ya tsaya a saman ruwa, kifi ya taso ya cafke.

Ranar da na shiga, Sagir ya ce min, ko murmushi bai yi ba, al'adarsu ce sabon shiga ya figo gashin da hannunsa daga jikin zakara mai rai. Ni kuma da son a ce na iya, na yarda. Ya kai ni gidan wani dattijo ɗan Malay mai kiwon kaji. Dattijon, da muke ce wa Pakcik, ya kalle ni ya kalli zakaran, ya ce "boleh, boleh", wato ba matsala. Ban san irin zakarun nan ba su da kunya ba. Ina kai hannu ya hau ƙirjina, ya cire min hula, ya bi ni har na faɗa kwata ina salati. Ashe gashin nan a leda ake sayar da shi a shago, kuma ashe Sagir bidiyo yake ɗauka.

Da a cikin masu kamun kifi ya tsaya, wallahi da na haƙura, don su ba wanda ba sa tsokana. Amma ya tura wa 'yan makarantarmu, daga nan ya tsallaka gida. Ɗalibaina sun gani, surukata ta gani, har ta kira tana min jaje. Yanzu Dakta Zakara ake ce min. Na sami Sagir a mamak, wato shagon shayi da abinci, na ce ya ci mutuncina, ya ce "wasa ne lah", irin maganar mutanen nan, in daina ɗaukar kaina da zafi. Wata takwas ke nan, ko haƙuri bai ba ni ba.

Haushin nan ne ya sa na zauna na koyi ɗaurin gashin a ƙugiya, har na fi kowa iyawa a ƙungiyar. Shi kansa Sagir da nawa yake kama duk kifin da yake ɗaukar hoto da shi. To yanzu surukinsa ya zo ziyara, mutum ne mai ji da kansa, kuma Sagir ya daɗe yana cika masa baki. Jibi zai kai shi tafki a gaban kowa, ya roƙe ni in ɗaura masa guda goma.

Na ɗaura kashi biyu. Na farko lafiyayyu ne. Na biyu da gashin zakaran da maiɗakina ta tsoma a ruwan zafi ta fige yadda muke yi a gida. Gashin da ya sha tafasasshen ruwa ya mutu, yana taɓa tafki zai jiƙe ya nutse. Na kuma goge tsinin ƙugiyoyin. Zai wuni yana jifa ba ko 'yar tarwaɗa, ni kuma ina gefe da wayata, kuma na san inda zan tura.

Maiɗakina ta gano. Ta ce in ji tsoron Allah, matar Sagir ce ta yi jinyarta da ta haihu a nan ba uwa ba dangi. Gaskiya ta faɗa, amma ita ba a yi mata cara idan ta shiga taro.

Gobe zai zo karɓa. Waɗanda na lalata sun fi sheƙi, kuma na san halin Sagir, ido yake bi. Ina tunanin in ajiye masa duka biyun a kan tebur in yi shiru. Jama'a ku gaya min tsakani da Allah, idan shi ya zaɓa da hannunsa, ina da alhaki?