Mahaɗin Kawu Ba Na Sayarwa Ba Ne

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yaye maka ciwon bayan nan gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Umma ta warke sarai, har ta koma faɗa kan wanda ya bar mata famfo yana ɗiga, ka kuwa san idan ta fara faɗa to sauƙi ya samu. Auta ta gama jarrabawa, sai barci take yi kamar aikin da aka ɗauke ta ke nan.

Labarin da ya sa na zauna rubuta doguwar takarda na shafina na intanet ne, wanda nake bayanin kekunan ɗinki a kansa. Ya fara kawo ɗan na sayen zare. Wani kamfani mai sayar da kekuna ya ba ni mahaɗi na musamman, irin shuɗin rubutun nan da ake latsawa ya kai mutum wani shafi, duk wanda ya bi ta nan ya yi sayayya sai a ba ni la'ada. Ina cikin murna sai maigidana, surukinka, ya jawo kujera kusa da teburin yanka ya ce akwai magana. Tun da ya taɓa gyara mini shafin sau ɗaya muke ce masa Injiniya, duk da har gobe malamin lissafi ne. Ya ce injin bincike yana ɗaukar kowane mahaɗi a matsayin shaida: idan na nuna wani shafi, tamkar na ce na yarda da shi ne, sai darajarsa ta ƙaru. Amma shaidar da aka biya ka ka bayar ai ba shaida ba ce. Shi ya sa ake liƙa wa irin wannan mahaɗi wata 'yar alama a ɓoye, sunanta nofollow, wato ka gaya wa injin kada ya sa wannan cikin yabonka. Mai karatu ba ya ganinta, la'adata ma ba ta taɓuwa. Idan kuwa na ƙi sawa, injin na iya tura shafina can ƙasa inda ba mai ganinsa.

Har nan ba gardama. Gardamar ta tashi ne da ya ce don a huta gara a bi duk mahaɗan shafin a liƙa musu alamar kaf. Yaya, kaf ɗin nan har da na Kawu! Ka san bara na buɗe masa ɗan shafi mai hotunan yadda ake gyaran tsofaffin kekuna da adireshin shagonsa, kuma kusan duk rubutuna sai na tura mutane can. Na ce ban yarda ba. Injiniya ya ce to ai Kawu kyauta yake gyara mini keke, wannan ba biya ba ne? Maganar ta tsaya mini a rai kwana biyu, har na ɗinka wa wata mata hannun riga a baibai.

A rana ta uku na ɗauki allin ɗinki na ja layi a kan tebur, na fara raba mahaɗan. Na kamfani dai alama ta hau kansu, ba tantama. Sai wani keke da wani shago ya aiko mini kyauta don in gwada in rubuta. Wallahi keken na da kyau, kuma gaskiya na faɗa a kansa, amma da ba su aiko ba da ban san da shi ba, don haka mahaɗin shagon ma na sa masa. Da na zo kan Kawu sai na tambayi kaina: in gobe ya ce ya daina taɓa mini keke, zan cire mahaɗinsa? Ko kusa. To kuwa yabona ne na gaskiya, kuma irinsa injin yake so ya ji.

Duk da haka sai da na je shagon na kwashe masa labari. Yana saurare yana ɗiga mai a cikin wani kan keke, tabarau a tsinin hanci. Da na gama ya yi dariya har da tari. Ya ce tun ina ɗinka wa 'yar tsana riga yake gyara mini keke, lokacin ba wanda ya san intanet, in wannan cin hanci ne to duk duniya ba mai ba da cin hanci da ya kai shi haƙuri. Ya ƙara da cewa in zuciyata ba ta kwanta ba zai fara karɓar kuɗin gyara a hannuna, Injiniya kuma ninki biyu.

Ana haka sai wakilin kamfanin ya kira, da daɗin baki, ya ce in na cire alamar daga mahaɗansu za su ƙara mini kaso. Na ɗauka in na ƙi shi ke nan sun sallame ni. Na dai daure na ce masa masu karatuna sun san ina samun la'ada, don na rubuta a saman shafi, injin ma ba zan ɓoye masa ba. Mako guda shiru. Sai ga saƙo wai ba komai, mu ci gaba yadda muke. Na yi ta tsalle a ɗakin ɗinki har Umma ta leƙo ta ga ko ɓera na gani.

Babban abin ya faru ranar Talata, ina shagon. Wata mata ta sauka daga mota a ƙofar shagon Kawu, rungume da kan keke a cikin bargo. Na mahaifiyarta ne da ta rasu, shekara goma sha ɗaya bai motsa ba, masu gyara uku sun ce ta jefar. Ta ce a waya ta bincika, shafinsa ya fito mata. Ba zan rantse mahaɗina ne ya jawo ta ba, amma Injiniya da kansa ya ce da hannun mahaɗin a ciki, kuma ya janye maganar kaf. Kawu ya wuni a kan keken. Da yamma ya ɗora shi a kan teburin takawa, ya zura zare, ya miƙa mata ƙyalle ya ce ta taka. Tana jin ƙarar ta rufe baki da hannu, ta ce haka gidansu yake yi da safe. Ta ɗinke ƙyallen tun daga farko har ƙarshe, ta juya shi ta sake, mu duka muna tsaye ba wanda ya ce ta isa.

Ka gaishe mini da Anti, da Babban Yaya in kun haɗu, da su 'yan biyu. Umma, Kawu, Auta da Injiniya duk suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai ɗinki