Na Zaɓa Maka Tsohon Soja

Baban Firdausi,

Kana gona na fita, na tafi Tofa a duba mini gwiwar nan.

Ban huce ba. Jiya ka zubar da ni a taɓo gaban 'yan suna, ka tashi kana shafa fitilar mashin, ni ko sannu babu.

Na sa ƙanena Jamil ya binciko inda ake ƙara wa masu mashin horo a Rijiyar Zaki. Wuri biyu ne. Ɗaya zama ake a inuwa ana bayani. Na zaɓa maka ɗayan. Tsohon soja ne, cikin yashi yake koyar da birki da shan kwana, ba ya raga wa mai furfura.

Asabar ƙarfe bakwai, ka je. Ni da matan unguwa za mu zo kallo.

Hure